Abin da aka tattaro kan kare asibitin unguwa

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar nan kan yadda za mu hana asibitin sha-ka-tafi na unguwa durƙushewa.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da kwamitin raya mazaɓa, tunda shi hukuma ta sani. A sa mai unguwa, liman da ungozoma. Mata kuma kada su zama 'yan rakiya, don su ne ke zuwa awo su tarar da ƙofa a garƙame, su ne suka san daren da aka karɓi haihuwa da fitilar waya.

2. A riƙa rubuta komai: ranar da ma'aikaci bai zo ba, ranar da firjin rigakafi ya tsaya. A kai koke da sa hannun jama'a ga kansila da sakatariyar ƙaramar hukuma, a karɓo kwafi mai hatimi.

3. A bi sawun kuɗi. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya ba da amsa idan aka nemi bayani daga gare shi.

An rabu kan karo-karo. Wasu sun ce a tara a gyara rufin da ke yoyo, wasu sun ce hakan sauke wa gwamnati nauyi ne. Ni dai ina bayan a gyara kafin damina, a adana rasit.

Batun zanga-zanga ma ba a daidaita ba, amma mafi yawa sun fi son a fara kai kuka gidan rediyo.