Tambaya kan yawo da wuƙar aljihu a Ingila

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin gyaran wutar lantarki a Birmingham, kuma na saba ɗaukar ɗan ƙarfen nan na Leatherman mai haɗe da filaya da sukudireba da 'yar wuƙa. Wani abokin aikina ya ce idan 'yan sanda suka caje ni suka same shi a aljihuna, zan iya fuskantar tuhuma ko da ban yi wa kowa barazana ba. Ina roƙon masu sani su yi mini bayani, domin wuƙar ba ta kai tsawon yatsa ba.

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam. Malam, abokin naka bai yi ƙarya ba. Sashe na 139 na dokar hukunta laifuka ta 1988 ya hana fita bainar jama'a da duk wani abu mai kaifi ko tsini ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 4. Abin da aka ware kawai shi ne wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Inda mutane da yawa ke faɗawa shi ne batun kullewa, domin kotunan Ingila sun yanke tun cikin shekarun 1990 cewa wuƙar da ke kullewa idan an buɗe ta, har sai an danna wani abu kafin ta koma, ba ta cikin waɗanda aka ware, komai ƙanƙantarta. Yawancin samfuran Leatherman kuwa wuƙarsu tana kullewa. Saboda haka tsawon ba shi ne zai cece ka ba, sai dalilinka. Dokar ta ambaci aiki a cikin dalilan da ake karɓa, tare da addini da tufafin gargajiya, shi ya sa mabiya addinin Sikh ke ɗaukar tasu wuƙar. Amma hujjar aiki tana da ƙarfi ne lokacin da kake bakin aiki ko kan hanyar zuwa da dawowa. Idan ka shiga gari da daddare da ita a aljihu, cewa ka manta ba lallai ne ya gamsar da alƙali ba, kuma kai ne za ka tabbatar da dalilin, ba ɗan sanda ba.

Hajiya Maman Yusuf:
Ina so in ƙara a kan batun cajin. A ƙa'ida, ƙarƙashin dokar 'yan sanda ta 1984, jami'i ba zai caje mutum ba sai yana da zargi mai tushe, kuma wajibi ne ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito da abin da yake nema, sannan wanda aka caje yana da ikon karɓar shaidar binciken. A kan titi, rigar sama da jaket da safar hannu kaɗai za a iya tilasta masa ya cire. Sai dai akwai sashe na 60 na wata doka ta 1994, wanda ke ba babban jami'i damar ware wata unguwa har tsawon awa 24 idan ana fargabar tashin hankali, a caje kowa ba tare da wani zargi ba. Shawarata ita ce, kada ka taɓa cewa don kare kai ka ɗauko ta, domin wannan magana kaɗai tana iya mayar da halattacciyar wuƙa makami a idon doka.

Ɗan Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To yaya batun wuƙar yanka nama, tunda Babbar Salla ta gabato kuma a gidan wani ɗan uwa za mu yi aikin naman layya?

Baban Hafsa:
Wannan dalili ne da za a iya fahimta, muddin ka naɗe ta da kyau, ka sa a cikin jaka ko but ɗin mota, ka tafi kai tsaye ba tare da biyawa kasuwa ba, kuma ka fitar da ita daga motar da zarar ka dawo gida. Leatherman ɗin kuwa ka bar shi cikin akwatin kayan aiki. Idan kana son abin yawo na kullum, nemi ƙaramar wuƙar aljihu mai naɗewa ta kamfanin Victorinox, ka gwada ta a kantin ka tabbatar ba ta kullewa kafin ka biya kuɗi.