Haɗa abincin kaji a gida ko sayen na kamfani: wa ke da gaskiya?

Mai Buroila: Ina nan kan bakana, duk mai sayen buhun kamfani kuɗinsa yake ƙonawa. Me ke cikin buhun? Fiye da rabi masara ce, sai waken suya da dusa. Ka sayi masara a Dawanau da kaka, ka kai inji, ka haɗa abinka. Haɗi ɗaya ma ya isa buroila, wato kajin nama, da masu ƙwai.

Hajiya Mai Ƙwai: Ɗana, maganarka ta ƙarshe ce ta ɓata ta farko. Kazar da ke ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, kuma ɓawon kowane ƙwai na ɗauke mata kalsiyam kusan giram 2. Shi ya sa ake zuba wa abincinta farar ƙasa da garin ƙashi har kalsiyam ya kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari. Ba ta abincin buroila ka gani: ɓawo ya yi laushi, ƙwai na fashewa a kiret, ita kuma ta tara kitse.

Malamin Dabbobi: Hajiya ta yi gaskiya, kuma ɗaya ɓangaren ya fi muni. Ɗan tsakon buroila na son furotin kashi 22 zuwa 23 a sitata, wato abincinsa na makonnin farko, na masu ƙwai kuwa 16 zuwa 17 ne. Ka ba shi nasu, ba zai yi nauyi ba, yawan kalsiyam ɗin ya taɓa masa ƙoda.

Mai Buroila: To na ji, haɗi biyu. Amma batun araha fa, Malam?

Malamin Dabbobi: Araha akwai, ga wanda ya ajiye masara tun kaka. Mai saye da bazara ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan kaya: firimis (haɗin bitamin da ma'adanai), laisin da metiyonin (sinadaran furotin), gishiri. 'Yan giram ne a buhu mai kilo 25. Mai awo da kwano, yana juyawa da shebur a tsakar gida, ta yaya zai raba su daidai? Wata kaza ta ci da yawa, wata ba ta samu ba. Ga waken suya, sai an gasa shi, ɗanye yana hana narkewar furotin. Ƙuli-ƙuli ko masara kuwa, in sun yi fumfuna, guba ne ga hanta.

Yaya Mai Inji: Ku daina wanke kamfani tas. Mun sha buɗe buhu mu tarar dusa ta fi yawa. Ni konsantiret nake saye, wato haɗin furotin da ƙananan kayan da kamfani ya riga ya yi, in zuba masarata yadda aka rubuta a jikin buhun, an huta da awon ƙananan kayan.

Hajiya Mai Ƙwai: Wannan na yarda da shi, in akwai sikeli.

Mai Buroila: Sikeli ina da shi. Yaya, konsantiret ɗin na buroila daban ne da na masu ƙwai?

Yaya Mai Inji: Daban ne. Ka duba rubutun buhun kafin ka biya.