Wai Elsinore ne uban baburan tseren turɓaya?

Mai hoto: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya na sa hoton Honda CR250M Elsinore na 1973, wani ya ce wai kayan 'yan gwangwan ne. Babur mai tankin alminiyam, giya biyar, in ba mai a cikinsa ko kilo 100 bai kai ba! A shekarar da ya fito ɗan tsere Gary Jones ya ci gasar Amurka ta ajin babura masu inji 250cc da shi. Shi ne uban baburan tseren turɓaya.

Bakanike: Malam, ka janye kalmar uba. Uba shi ke rigan ɗa zuwa duniya. Baburan Husqvarna na Suwidin da CZ na Chekoslobakiya sun daɗe suna tashin ƙura kafin Honda ya yarda ya ƙera inji mai bugu biyu na tsere, wato irin wanda ake gauraya masa mai da fetur.

Mai hoto: Oga, uban gida ma uba ne, ba sai ya haife ka ba.

Masoyin Suzuki: To in uban gida ne, namu ne. Joel Robert ya ɗauki kambun duniya na 250 a kan Suzuki tun 1970. Ina Honda a lokacin?

Na Yamaha: Wane irin uba ne da shokozoba biyu a baya masu gajeren zango? Ka yi tsalle ka diro, ƙugunka ne zai biya. Yamaha YZ na 1975 ya zo da guda ɗaya dogo kwance ƙarƙashin tanki, tayar baya ta samu wurin yin sama da ƙasa. Nan aka bar Elsinore a baya.

Bakanike: Ƙanena, ka taɓa kwance ko ɗaya da hannunka?

Na Yamaha: Sai na kwance sannan zan yi magana? Kai ka taɓa taka Kalifoniya da ka san tafkin Elsinore da aka ara wa babur ɗin sunansa?

Bakanike: Shekaruna nawa ina goge filogin da baƙin mai ya daƙune, ina wanke kafireta. Mai bugu biyu in ka kuskure awon mai da fetur, ko dai hayaki ya turnuƙe ka ko fistin ya kama. Wannan ba a waya ake koyonsa ba.

Na Yamaha: Wato mu 'yan waya ne ke nan? A girmama juna, Baba.

Mai hoto: Don Allah a dawo kan wanda ya ce min gwangwan.

Masoyin Suzuki: Ni dai ba a amsa min zancen 1970 ba.

Dattijon zaure: Ya isa haka. Na bi duk abin da aka faɗa. Ba wanda ya musanta rashin nauyin Elsinore, ba wanda ya musanta nasarar Gary Jones, don haka maganar uba ta tsaya. Ni Honda nake hawa tun ina saurayi, bai taɓa ba ni kunya ba. Kai kuma na Yamaha, ka ba Oga haƙuri.