Fentin rawaya ya ƙi rufe min sulken sojojina, ina mafita?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Wata uku ke nan da na fara fentin 'yan sojojin roba na Warhammer 40,000, wasan yaƙin nan da ake bugawa a kan tebur, na zaɓi rundunar Imperial Fists saboda sulkensu rawaya ne kuma tun ranar da na ga hotonsu suka shiga raina. Na fesa musu baƙin shafin farko kamar yadda na yi wa wasu guda biyar da na yi musu shuɗi, waɗancan sun fito tsaf, amma da na ɗora fentin rawayar da ake kira Yriel Yellow sai abin ya koma wani kore-kore mai dauɗa, na ƙara shafi na biyu, na uku, har na bakwai, yanzu dai rawayar ta ɗan fito amma zanen da ke kafaɗa duk ya cike ga sawun buroshi ko'ina kamar an yi yaɓe. Soja ɗaya ya ci min dare biyu kuma saura guda tara. Fentin ne ba shi da kyau ko hannuna ne?

Tsohon_Buroshi

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba hannunka ba ne, duk wanda ya taɓa rawaya sai da ya sha wannan. Ita rawaya shara-shara ce, garin launin da ake haɗa ta da shi yana barin haske ya ratsa shi ya daki abin da ke ƙasa sannan ya dawo idonka, to in baƙi ne a ƙasan ai baƙin za ka gani gauraye da rawaya, shi ne wannan koren da ka gani. Shuɗinka ya rufe ne don shi mai duhu ne dama.

Kuma Yriel ba don shafin tushe aka yi shi ba, na ɗorawa a sama ne. Na tushen shi ne Averland Sunset, mai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, yana rufewa sosai. Ni yadda nake yi, farin shafin farko ko Wraithbone, wato fari mai ruwan ƙashi, sai Averland shafi biyu marasa kauri, sannan Yriel a sama in bar Averland ɗin yana leƙowa a lungu-lungu. In dole sai a kan baƙi za ka yi to ka fara da ruwan ƙasa, ka hau Averland, ka hau Yriel, mataki-mataki.

Sawun buroshin nan kuma gaggawa ce ta kawo shi. Ka sirka fentin da ruwa kaɗan, ka shafa sau ɗaya ka ɗauke hannu, kar ka koma wurin sai ya bushe ƙarau. In ka koma yana da danshi buroshin zai yago na ƙasan, ramin da ya bari kuwa ba ya cikuwa da sauƙi.

'Yar_Tawada

Malam Tsohon_Buroshi ya faɗi gaskiya kan dalilin, amma ni kam na daina bi ta Averland, don sai in ga rawayar tana fitowa a dushe kamar ta sha ƙura. Tunda an ce shara-shara ce, me zai hana a ci moriyar hakan? Ɗan uwa gwada ruwan hoda. Eh, ruwan hoda, na san za ka yi mamaki. Ka shafe sojan gaba ɗaya da shi, sai ka fesa fari daga sama kawai, ta inda rana za ta doke shi in yana tsaye, kwalkwali da kafaɗu da saman gwiwa su yi fari, ƙarƙashin hammata da tsakanin ƙafafu su zauna a ruwan hodarsu. Sai ka bi duka da rawaya mai ruwa-ruwa, tawadar akirilik ta fi min, in kana da 'yar bindigar feshi ma ya fi sauƙi amma buroshi mai laushi yana yi. Inda fari yake rawayar za ta fito tas tana haske, inda ruwan hoda yake za ta koma ruwan lemo mai ɗumi, ka ga inuwarka ta yi kanta ke nan ba ka sha wahala ba. Ranar da na fara gani wallahi na daɗe ina juya sojan a hannuna.

Sai dai kar ka wuce shafi biyu ko uku, in ka yawaita za ka binne bambancin da ka gina.

Mai_Runduna

Ni dai mutum ne mai son in gama in kai runduna kan tebur a buga wasa. Tunda Games Workshop, kamfanin da ke yin Warhammer, suka fito da fentin Contrast mai ruwa-ruwa a 2019 ban ƙara wahala da rawaya ba. Iyanden Yellow a kan Wraithbone, shafi ɗaya, yana gangarawa kwarmi ya yi duhu ya bar tudu da haske. Daga baya ma sun fito da wani mai sunan Imperial Fist, shi ya fi fitowa bai ɗaya. Matsalarsa ɗaya, faffaɗan wuri irin kafaɗa ko jikin tanka yana taruwa ya yi tabo, sai ka riƙa janye rarar da buroshi mai tsabta tun bai fara bushewa ba, kuma ka gama fuska ɗaya kafin ka koma wata.

Sabon_Hannu

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya 'Yar_Tawada wannan ta ruwan hodar ta burge ni. Tambaya biyu, ina da Nuln Oil, fentin nan mai ruwa-ruwa na yin inuwa, zan iya zuba shi don layukan sulken su fito? Sannan wanda na riga na ɓata fa, shi ke nan ya tafi?

Tsohon_Buroshi

A'a, kar ka kusanto da Nuln Oil kan rawaya, baƙi ne, koren nan da ka gudu shi zai dawo maka. Inuwar rawaya ruwan ƙasa mai ɗumi take so, irin Seraphim Sepia, kuma ba wanka za ka yi masa ba, da tsinin buroshi za ka bi layin kawai. In ya zame ya taɓa fili ka goge nan take da buroshi mai danshi, don gyaran tabo a kan rawaya sai ka fara ɗiga fari sannan ka mayar da launin. Shi ya sa ma nake gama rawaya kaf kafin in taɓa baƙin bindiga ko jan ido, kuma ina canza ruwan wanke buroshi, ruwan da ya sha baƙi yana ɓata ta ba ka sani ba. Gefe-gefen sulke kuma ka haska su da Flash Gitz Yellow, rawaya mai haske, ƙarshen tsini ka sirka da ɗan fari mai hauren giwa.

Wanda ya ɓaci bai tafi ba. Jiƙa shi a cikin isofurofil, wani sinadarin alkohol na goge-goge, in dai na roba ne ba ya cin sa, bayan 'yan awoyi ka goge da tsohon buroshin haƙori. Kar dai ka sa asiton, sinadarin da ake goge fentin farce da shi, narkar da robar yake yi.

'Yar_Tawada

Ƙari ɗaya, in za ka sayi rawayar masu zanen allo ka duba jikinta, wadda aka yi da sinadarin kadmiyom tana rufewa fiye da sauran amma guba ce, ba a fesa ta kuma ba a lasar buroshi, na san da yawanmu muna gyara tsini da baki.

Sabon_Hannu

Na dawo da labari. Na wanke na farkon ya fita fes, na yi masa hanyar Averland, na biyu kuma na yi masa ruwan hoda da fari. Duka sun rufe a shafi uku, zanen kafaɗa yana nan ɓaro-ɓaro. Na ruwan hodar ya fi haske nesa ba kusa ba, da shi zan yi sauran takwas ɗin, sai dai farin da na fesa ya ɗan yi tsakuwa-tsakuwa a kwalkwali, ina jin na riƙe gwangwanin da nisa ne har ya bushe a iska kafin ya sauka. Gobe zan matso da shi in gwada a kan na uku.