Wa ya san zaman Montenegro? Wani otal ya ɗauke ni aiki a can

Abban_Hauwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda yake zaune ko ya taɓa zama a Montenegro, ƙaramar ƙasar nan ta yankin Balkan dake maƙwabtaka da Sabiya da Albaniya. Wani otal ne a garin Budva suka ɗauke ni aikin kicin, dama girki ne sana'ata, munyi intabiyu ta bidiyo sunce yuro 900 a wata harda wurin kwana, kwantiragin daga Mayu zuwa Oktoba, in sunga aikina kuma zasu iya riƙe ni. Hotuna kam na gani a intanet, teku da duwatsu masha Allah, amma ni zaman yau da gobe nake son ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Kuɗin nan zai isa har in riƙa turo wa gida? Akwai masallatai? Naman halal fa? Ya suke da baƙar fata? Sannan wani abokina yace in dai na shiga can to na shiga Turai kenan, daga nan sai Italiya ko Jamus a mota, shin haka ne? Ina da mata da yarinya ɗaya, zuciyata ta kasa tsayawa waje ɗaya wallahi.

Injiniya_PG:

Wa alaikumus salam Abban Hauwa, Allah ya sa alheri. Ni a Podgoritsa nake, babban birnin ƙasar, aikin kwamfuta nake da wani kamfani. Bari in fara da maganar abokinka don ita ce tafi cin mutane. Montenegro bata cikin Tarayyar Turai kuma bata cikin Shengen, wato yankin ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, yuro ɗin da suke kashewa ne yake ruɗar jama'a, alhali su suka ɗauki yuro da kansu tun 2002 tun ma kafin su rabu da Sabiya a 2006. Suna ta neman shiga tarayyar amma har yanzu dai basu shiga ba. Katin zamanka na nan bazai shigar da kai Italiya ko Jamus ba, ko Kuroshiya da take nan kan iyaka, daga Herceg Novi tafiyar 'yan mintuna ce, to tun Janairun 2023 ta shiga Shengen, ba biza ba shiga. Kuma duk wanda yace maka zai tsallakar da kai ta daji ko ta Bosniya dan Allah ka guje shi, mutane na wulaƙanta a hanyar nan, wasu rayukansu ma suke rasawa a cikin sanyi. In zaka zo ka zo da niyyar nan ɗin zaka zauna ka nemi halal ɗinka.

Sai maganar takardu. Abinda kowa ke kira a nan shine boravak, izinin zama da aiki ne a kati ɗaya, kuma a ɗaure yake da wanda ya ɗauke ka aiki, ranar da kuka rabu katin ya tashi aiki, ba zaka ɗauke shi ka tafi wani otal dashi ba sai an sake sabon nema. Tunda naka Mayu zuwa Oktoba ne to kusan tabbas irin na aikin kaka ne, na wata shida, ba irin na shekara ɗaya da ake sabuntawa ba. Ka tambaye su ƙarara wanne zasu nema maka, su rubuto a rubuce. Zasu nemi takardar 'yan sanda daga gida mai nuna baka da laifi, da takardun makarantarka, duk sai an fassara su wajen tafintan kotu a nan, ka taho da na asali kar ka taho da fotokwafi kawai. Kuma kana sauka dole ayi maka rajistar inda ka kwana cikin awa 24, otal ne ya kamata suyi amma ka tsaya ka ga takardar da idonka, don wajen fita suna iya tambaya su ci ka tara. Fasfo ɗinka kuma ya zauna a hannunka, ko wa ya nema yace zai ajiye maka kace a'a.

Kuɗi kuwa, tun ƙarshen 2024 mafi ƙarancin albashi yuro 600 ne ga mai takardar sakandare, 800 ga mai digiri, to 900 da wurin kwana ba laifi, in har bayan an cire haraji ne, wannan ma ka tambaya. Haya ce ke cinye mutum a nan, tunda yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 'yan Rasha da Yukren suka cika gari, ga Turkawa, haya ta tashi bata sauko ba, ni ɗaki ɗaya da falo nake ciki kusan rabin abinda aka ce za'a baka nake biya. To in su zasu baka wajen kwana kuma kana cin abinci a kicin zaka iya turo abu mai kauri, amma ranar da ka kama haya da kanka lissafin ya canza gaba ɗaya.

Maman_Yusra:

Salam. Yaya Injiniya ya gama maganar takardu, ni bari in taɓa ɓangaren addini da zaman gida tunda mu da yara muke zaune a Bar, maigidan yana aiki a wajen tashar jiragen ruwa.

Abban Hauwa ka kwantar da hankalinka akan masallaci, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar musulmi ne, 'yan asalin nan ne tun zamanin Daular Usmaniyya, Boshniyawa da Albaniyawa. Sai dai ba ko'ina suke ba, suna da yawa a Ultsin da Tuzi da Bar, da can arewa Rojaye da Plav da Gusinye, a Podgoritsa ma akwai tsofaffin masallatai a unguwar Stara Varosh, a Tuzi har madarasa suke da ita. Budva inda zaka je kam garin 'yan yawon buɗe ido ne da gidajen rawa, kiristocin Otodoks ne suka fi yawa, don haka ka roƙi a baka hutunka na sati ranar Juma'a ka hau bas ka taho Bar, bai kai awa ɗaya da rabi ba ko da cunkoso, akwai babban masallacin Selimiya sabo mai kyau. Hanafiyya ne su, zaka ga bambanci kaɗan kaɗan, huɗuba da yarensu, bayan an sallame sai kaga an miƙo maka carbi daga waɗanda ke rataye a bango ayi tasbihi tare gaba ɗaya, kar ka tashi da wuri ka zauna a gama da kai, a nan ne dattawan zasu fara saninka. Dokar ƙasa ma ta ba musulmi hutun kwana uku a ƙaramar sallah da uku a babba, Bairam suke cewa.

Nama a nan Bar da Ultsin ba matsala, akwai mahauta musulmi, ka saba da guda ɗaya shikenan. A manyan kantuna irin Voli da Idea ne sai ka lura sosai, naman alade yana cikin abubuwa da yawa har nikakken nama ana haɗawa, ka haddace kalmar svinjetina da svinjsko ka riƙa duba jikin leda. Kuma tunda kicin zaka shiga gara in faɗa maka tun yanzu, abin alfaharinsu shine busasshen naman alade na ƙauyen Nyegushi, ba otal ɗin da baya yanka shi da safe, ga giya da ake zubawa a wasu girke-girken. Kayi magana da shugaban kicin tun kafin ka taso ko zai saka ka ɓangaren kifi ko burodi da kayan zaƙi, wasu suna ganewa sosai don suna aiki da musulmi 'yan Bosniya da Albaniya duk shekara.

Garin masara akwai shi ko'ina don suma suna tuƙa wani abu kachamak da dankali da cuku, to tuwo bai gagare mu ba, amma kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da yaji sai ka taho da abinka.

Maganar fata kuwa gaskiya za'a kalle ka, kallo na ƙurilla, musamman tsofaffi da yara, ƙasar duka mutum dubu 620 ne da ɗan wani abu, baƙaƙe a cikinsu ƙalilan ne ƙwarai. Yawanci mamaki ne, kai namiji ma zasu ɗauka ɗan ƙwallo ne. Akwai wata tsohuwa a benenmu da muka tare ko gaisuwata bata amsawa, sai dai ta leƙo ta labule, ranar da Yusra tayi zazzaɓi cikin dare taji kukanta ta bango sai gata da silifas da kwalbar zuma da wani ganyen shayi na dutse, ta zauna bakin gado tana ta min bayani da hannu ni bana jin rabin abinda take cewa, yanzu ita ke riƙe min yarinyar in zanje kasuwa. Amma akwai marasa tarbiyya, an taɓa jefa mana magana a bas, akwai mai gidan da muna zuwa ganin ɗaki yace an riga an kama alhali a waya yace mu zo, bazan ɓoye maka ba abin ya min ciwo sosai. In kaje Ultsin ka tambayi tarihin garin, a zamanin Usmaniyya an kawo 'yan Afirka wajen ta jirgin ruwa har zuriyarsu ta zauna ta zama 'yan gari.

Sani_Kicin:

Malam ni nayi irin aikin da zaka je, a bakin tekun nan, bari in faɗa maka wanda basu faɗa ba. Yuli da Agusta ba hutu, abinda aka rubuta a kwantiragi daban abinda zakayi daban, inda nayi tun safe muke tsaye har sha biyun dare ta wuce, hutun Juma'ar da Hajiya take cewa a watannin nan biyu da wuya ka samu, wurin kwanan kuma mu huɗu ne a ɗaki gado kan gado, fanka ɗaya. Ka tambaya mutum nawa ne a ɗaki, ka tambaya kuɗin ƙarin awa, kuma kar ka yarda ace za'a riƙe albashin watan ƙarshe sai an rufe kaka. Oktoba nayi gari ya mutu, shaguna a kulle, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, wanda bashi da katin shekara sai ya tattara. Na samu kuɗi kam alhamdulillah, amma batun ɗauko iyali akan aikin wata shida ka cire shi a ranka.

Abban_Hauwa:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Anti Maman Yusra na gode, maganar naman nan ta tsaya min a rai, gobe zan rubuta musu. Malam Sani naji, dama aikin kicin ko ina tsayuwa ce. Yaya Injiniya to in Allah yasa suka riƙe ni bayan Oktoba, ya sanyin yake, kuma yaren fa, turanci zai wadatar?

Injiniya_PG:

A bakin teku sanyin bai kai na arewacin ƙasar ba, dusar ƙanƙara sai can Jablyak da Kolashin inda ake wasan sulu, amma ruwan sama ne da danshi, duwatsun saman Kotor suna cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Turai. Gidajen kuma don bazara aka gina su, yawanci ba bututun ɗumama gida, da AC ake ɗumamawa, sai kaga bango yayi baƙi da funfuna bayan wadrob, kaya basa bushewa, kuɗin wuta ya ninka. In zaka kama ɗaki ka ja wadrob ɗin ka duba bayansa kafin ka biya. Sannan a Budva masu gida da yawa daga Satumba zuwa Mayu suke bada haya da sauƙi, bazara na zuwa su ce ka tashi zasu sa 'yan yawon buɗe ido masu biya kullum, to a rubuta wata goma sha biyu a gaban notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, dama zaka buƙaci takardar hayar wajen neman boravak.

Turanci zai kai ka a otal da wajen matasa, amma ofishin baƙi da asibiti da kasuwa sai da yaren. Abin daɗin shine in ka koya ka samu na Sabiya da Bosniya da Kuroshiya gaba ɗaya don suna jin juna, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa, suna amfani da baƙaƙen boko da kuma irin na Rasha. Ka fara da gaisuwa da ƙirga. In abokin aiki yace zo musha kofi kar kace kana sauri, awa biyu zasu iya yi akan ɗan kofi ɗaya, kuma a teburin nan ake jin labarin ɗaki mai araha da wanda ke neman kuku na hunturu, ni ɗakin da nake ciki ma ta haka na samu. In sun miƙo giyarsu da suke kira rakiya kace kai musulmi ne, sun saba, ruwan lemo zasu kawo maka.

Iyali sai ka samu katin shekara da gidan haya da sunanka tukuna ake maganar nema musu. Ka turo min kwantiragin ta inbox in ya zo kafin kasa hannu, ka rufe lambar fasfo ɗinka, zan nuna wa wata abokiyar aikinmu 'yar ƙasar ta karanta mana na yarensu, don shi ne wanda hukuma ke aiki dashi ba na turancin ba.