Zaɓe Hitila ya ci, ko miƙa masa mulki aka yi?

Ɗan Rimi:
Salamu alaikum. Wasu na cewa Jamusawa ne suka zaɓi Hitila da ƙuri'unsu, wasu kuma sun ce juyin mulki ya yi. Masana, wanne ne daidai?

Malam Tanko:
Wa alaikumus salam. Juyin mulkin da ya gwada a Munich a Nuwamban 1923 bai je ko'ina ba, gidan yari ya kai shi. Daga nan ya koma neman mulki ta akwatin zaɓe. A 1928 jam'iyyar Nazi kashi 2.6 kawai ta samu, kujeru 12. Da tattalin arziƙi ya karye a 1929, Amurka ta janye basussukanta, marasa aikin yi suka kai miliyan shida, sai kasuwarsu ta buɗe: kujeru 107 a 1930, sannan 230 a Yulin 1932, kashi 37. Iyakarsu ke nan a zaɓen da babu tursasawa. A Nuwamba ma suka sauko zuwa 196.

Hajiya Larai:
Malam, ka tsallake inda gizo ke saƙa. Tun 1930 majalisa ta zama hoto. Brüning, shugaban gwamnati na lokacin, yana mulki ne da dokokin ta-ɓaci ƙarƙashin sashe na 48 na kundin tsarin mulki, da sa hannun shugaban ƙasa Hindenburg. Bayan Yulin 1932 kuwa, in ka haɗa 'yan Nazi da 'yan kwaminis sun haura rabin majalisa, ga shi ba sa ga maciji da juna, don haka babu gwamnatin da za ta tsaya da ƙafarta. Mulki ya koma hannun 'yan tsirarun da ke shiga ɗakin tsohon, wato Hindenburg. Papen, tsohon shugaban gwamnati, da haushin Janar Schleicher da ya ture shi ya gaje kujerarsa, shi ya lallaɓa Hindenburg ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Lissafin Papen, ministocin Nazi biyu ne kacal, sai yadda aka yi da su. Bai duba waɗanne kujeru ba ne: Frick ya karɓi cikin gida, Göring kuma 'yan sandan Prussia, jiha mafi girma a Jamus.

Malam Tanko:
Gaskiyarki, Hajiya. Da aka ƙone ginin majalisa ranar 27 ga Fabrairu, washegari aka dakatar da 'yancin jarida da na taro, aka shiga kame. Duk da haka kashi 43.9 suka samu ranar 5 ga Maris. Dokar da ta ba shi ikon yin doka ba tare da majalisa ba tana buƙatar kashi biyu bisa uku. Wakilan kwaminis 81 ba wanda aka bari ya shiga zauren, 'yan SA, dakarun jam'iyyar Nazi, sun yi cirko-cirko a ƙofa, jam'iyyar Katolika ta amince. Ranar 23 ga Maris ta wuce da ƙuri'a 444, 'yan jam'iyyar Social Democrat (SPD) 94 ne kaɗai suka ce a'a.