Cyberbullying da Hausa: na tsaya a kan "cin zali ta waya"

1/ Assalamu alaikum jama'ar zango. Oktoba ya gabato, watan da Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wato CSA, take wayar da kan jama'a kowace shekara, kuma an ɗora mini yi wa iyayen unguwarmu Aboabo da ke Kumasi bayani da Hausa. Takardar da aka ba ni da Turanci take, kalmar cyberbullying, wato addabar mutum ta waya ko intanet, ce ta cika ta. Tun makon jiya na nemi ku taya ni neman sunan da kaka mai sayar da koko za ta ji ta gane nan take, wanda kuma yaro ɗan shekara 12 zai iya furtawa a gaban uwarsa. Kun turo da yawa, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya, da dalilina.

2/ Bari mu fara ganin abin kafin mu raɗa masa suna. Yaran wani aji a ƙaramar sakandare, wato JHS, sun buɗe gurup na WhatsApp don tambayoyin BECE, jarrabawar kammala ta. Akwai yaro mai in'ina a cikinsu. Malami ya tashe shi karatu, wani ya naɗi muryarsa a ɓoye. Da dare muryar ta shiga gurup. Wani ya yanko fuskarsa ya mayar da ita sitika, duk wanda ya so dariya sai ya jefo ta. Yaron ya fita daga gurup ɗin, suka mayar da shi, ya sake fita, suka sake mayarwa. Wayar ma ta uwarsa ce, da ita take karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, a kasuwar Kejetia da rana, shi kuma ya ara bayan isha'i. Ita dai abin da ta gani, yaro ya daina cin abinci sosai, kullum safiya ciwon ciki, ba ya son zuwa aji. Ba wanda ya taɓa shi da hannu, shi ya sa ba ta da abin da za ta kai ƙara da shi.

3/ Tsokana, zolaya, ba'a: waɗannan uku su suka fi yawa a amsoshinku, kuma su na fara ajiyewa. Mu mutane ne masu wasa. Jika yana tsokanar kaka, taubasai suna yi wa juna ba'a har a gidan biki, ba mai jin haushi. Ranar da yaro ya ce "Mama, ana tsokana ta a waya", amsar da zai samu mun san ta: "To ka rama mana, ai wasa ne." Masu yin abin ma da wannan suke kare kansu idan an kama su. Ba zan miƙa musu kalmar da suke ɓuya a bayanta ba.

4/ Yayata daga Sawaba ta ce a bar shi a "cin zarafi ta intanet", tunda haka ake ji a labaran rediyo. Gaskiya ne Yaya, kuma ba kuskure ba ne. Damuwata ita ce faɗinsa. Da cin zarafi muke kiran duka, da shi muke sakaya fyaɗe idan muna jin nauyin faɗa. Yarinya ta ce wa mahaifinta an ci zarafinta, kafin ta ƙarasa hankalinsa ya tafi wani wuri, gida ya rikice. Gobe ba za ta sake buɗe baki ba.

5/ Tsangwama ta daɗe tana ja na, domin ta kama abin sosai: a ware mutum, a bi shi da kyara kullum har ya tsani kansa. Amma na gwada ta a kan yaran da nake koyarwa, akasarinsu suka tsaya suna kallona. Yaran da suka taso tsakanin Hausa da Twi da Turanci a Kumasi ba su cika jin ta ba. Zan riƙe ta don bayani, ba don suna ba.

6/ Malam daga Tafo Zongo ya kawo izgili, ya tuna mana aya ta 11 a Suratul Hujurat, inda aka hana yi wa juna izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce hujjar da za mu ɗora maganar a kanta a masallaci da makaranta. Sai dai izgili reshe ɗaya ne. Barazana tana ciki, ƙazafi yana ciki, da buɗe shafi da sunan yarinya ana rubuta abin da ba ta faɗa ba.

7/ Saura cin zali. Kowa a zango ya san shi, babba da yaro. Da shi muke tsawatar wa ƙato idan ya ƙwace wa ƙaninsa ƙwallo, kuma ba a taɓa jin sa an ce wasa ne. Yana faɗin wanda ke da laifi tun kafin a fara bincike.

Wani ƙanena daga Asawase ya yi gardama mai ma'ana: cin zali sai mai ƙarfi a kan marar ƙarfi, a waya kuwa ƙanƙanin yaro yana iya addabar wanda ya girme shi. Haka ne, amma ƙarfin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: yara talatin suna dariya a gurup, ɗaya yana karantawa shi kaɗai. Wanda ya ɓoye sunansa da sabon layi yana da ƙarfi a kan wanda aka san gidansu. Wanda yake riƙe da hotonka yana da ƙarfi a kanka, ko da ƙugunka bai kai ba. Kuma cin zalin filin wasa yana ƙarewa idan an tashi, wannan kuwa yana biyo yaro har shimfiɗarsa, abin da aka tura kuma ba ya dawowa ko an goge. Duk wannan bai fitar da shi daga cin zali ba, ƙara masa muni ya yi.

8/ Biyu daga cikinku sun rubuta "cin zalin waya". A kula: idan muka ce cin zalin yaro, yaron ne aka zalunta. Cin zalin waya kenan wayar ce ta sha wuya. Sai da "ta": cin zali ta waya. Na zaɓi waya a kan intanet don iyayenmu waya suke gani a hannun yaro, kuma saƙon tes da kiran dare ma suna ciki. Mai rubutu a jarida yana iya cewa ta intanet, ba laifi. A baki kuwa ga yadda yake zama: "Ana cin zalina ta waya." "An ci zalinta ta waya." Mai yi a ce masa mai cin zali. Kada a kira ɗan shekara 13 azzalumi, shi ma yaron wani ne da ake son ya gyaru.

9/ Akwai iyakar da nake so mu tsare. Idan wani ya sami hoton tsiraicin yaro, ko ya yaudare shi ya turo, sannan ya ce a ba shi kuɗi ko ƙarin hoto in ba haka ba ya watsa, wannan ya wuce cin zali, kuma ba maganar sulhu a zauren mai unguwa ba ce. Dokar tsaron intanet ta 2020, Act 1038, ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 25 a kan irin wannan ƙwace. Yaro a dokar Ghana shi ne duk wanda bai kai 18 ba. A kira ko a tura saƙo zuwa 292, layin CSA, ko a je wurin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida da tallafa wa waɗanda aka zalunta.

10/ Abin da zan roƙi iyaye ranar taron kaɗan ne. In yaro ya zo da wannan magana, kada ƙwace waya ya zama abu na farko, don tsoron ƙwacewar ne yake sa su yin shiru. Kada a goge saƙonnin cikin fushi, a ɗauki hotonsu tukuna da lambar mai turowa da ranar, sannan a toshe shi. In 'yan aji ne, a tafi wurin malami da hujjar a hannu. Facebook da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13, mu kuwa muna buɗe wa 'yan firamare da shekarun ƙarya.

Na lamba 9 ɗin nan har yanzu ba shi da gajeren suna. "Ƙwace da barazanar tonon asiri" nake cewa, ya yi tsawo a bakin yarinyar da ke cikin tsoro. Malamai da iyaye mata, ku kawo naku kafin Juma'a, ranar zan kai takardar wurin mai bugawa.